Sayen Lofen Taba na Ajiya a Gwanjon Intanet: Tambayoyi da Amsoshi

Tsofaffin lofe masu daraja da yawa a yau suna sauya hannu ne ta gwanjon intanet, inda mai saye ba ya samun damar ɗaukar kayan ya jujjuya shi, ya leƙa cikinsa, ko ya shinshina shi kafin ya biya kuɗi. Abin da yake da shi kawai shi ne hotuna, da bayanin mai sayarwa, da kuma iliminsa na kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu sha'awar wannan fanni suka fi yi.

Mene ne ke sa wani lofe ya zama abin ajiya, wani kuma bai wuce na shan taba kawai ba?

Abubuwa huɗu ne ke haɗuwa: wanda ya ƙera shi, zamanin da aka ƙera shi, kyawun itacen, da halin da yake ciki yanzu. Sabon shiga yakan ɗauka cewa tsufa kaɗai ya isa, alhali akwai lofe da yawa da suka haura shekara 80 waɗanda ba su da wata daraja, domin tun asali masana'antu ne suka yi su birjik don sayarwa da araha. A ɗaya ɓangaren kuma, lofen da wani gwani ya sassaƙa da hannunsa shekara 30 da suka wuce yana iya kai dubban daloli. Daga cikin abubuwan nan huɗu, halin da lofen yake ciki shi ne wanda aka fi yin sakaci da shi, kuma shi ne ya fi jawo asara, saboda babban suna ba ya gyara tukunyar lofe, wato inda ake zuba taba, idan wuta ta cinye ta.

Da me ake ƙera lofen da masu ajiya ke nema?

Mafi yawansu an yi su ne da briya, wato dunƙulen da ke fitowa tsakanin saiwa da gindin wani ƙaramin itace mai tsirowa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum, kamar Italiya, Girka, Aljeriya da tsibirin Kosika. Itacen yana da tauri, yana jure zafi, kuma garin Saint-Claude na ƙasar Faransa ne ya yi suna wajen sarrafa shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Darajar briya tana cikin zanen jijiyoyinsa. Idan jijiyoyin suka miƙe a jere daga ƙasan tukunyar zuwa bakinta, matse da juna ba tare da yankewa ba, farashin yana tashi sosai. Haka ma idan aka samu ƙananan zagaye masu yawa da ake kira idon tsuntsu.

Na biyu shi ne mirsham, wani farin ma'adini mara nauyi da ake haƙowa musamman a yankin Eskişehir na ƙasar Turkiyya. Masassaƙan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya sun shahara da shi a ƙarni na 19, suna fitar da siffofin fuskoki da dabbobi. Yana sauya launi daga fari zuwa ruwan zuma gwargwadon yadda aka sha taba a cikinsa. Abin lura a nan shi ne bambanci tsakanin wanda aka sassaƙa daga dunƙule guda da wanda aka yi da garin ma'adinin da aka matse, domin na biyun ya fi nauyi, ba ya ɗaukar launi da kyau, kuma darajarsa ba ta kusanci ta na farkon ba. A hoto suna kama da juna, don haka dole a tambayi mai sayarwa kai tsaye, a kuma nemi ya faɗi nauyinsa.

Akwai kuma na yumɓu, na duma, da na totuwar masara irin wanda kamfanin Missouri Meerschaum ke yi a Amurka tun 1869, amma kasuwarsu ba ta kai ta biyun farko ba.

Waɗanne sunaye ne suka fi fitowa a gwanjo?

Daga Ingila akwai Dunhill, wanda ya fara ƙera lofe a Landan a 1910, da Barling, Charatan, Comoy's, GBD da Sasieni. Daga Ayalan akwai Peterson na birnin Dublin. Italiya tana da Savinelli, wanda ya samo asali a Milan a 1876, da Castello da Carlo Scotti ya kafa a 1947. Daga Denmak kuwa aka samu sabon salon sassaƙa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda Sixten Ivarsson da waɗanda suka koya a hannunsa suka riƙa bin zanen itacen wajen fitar da siffa, maimakon tilasta masa tsohon fasalin Ingilishi. Aikin irin su Lars Ivarsson, Jess Chonowitsch da Bo Nordh ɗan ƙasar Suwidin yana cikin mafi tsada a kasuwa.

Sai dai suna ɗaya yana iya rufe zamani biyu masu bambancin daraja. Lofen Barling da aka yi lokacin da kamfanin yake hannun iyalin da suka kafa shi ya fi wanda aka yi bayan sun sayar da shi a farkon shekarun 1960 daraja nesa ba kusa ba, ko da yake duka biyun suna ɗauke da sunan Barling. Haka labarin yake ga Charatan, Comoy's da GBD. Wanda ya yi tayi a kan suna kawai, ba tare da ya gane zamanin ba, yakan biya kuɗin na farko ya karɓi na biyu.

Ta yaya ake gane shekarar da aka ƙera lofe?

Ta hatiman da aka buga a wuyansa, wato sashen itacen da ke haɗa tukunya da bututun baki, kuma a nan ne ilimi ke yi wa mai saye rana. Dunhill ya fi kowa sauƙaƙa wannan aiki, domin tun shekarun 1920 yake buga wata ƙaramar lamba bayan rubutun da ke nuna ƙasar da aka yi lofen. Amma lambar ita kaɗai ba ta wadatar ba. Lamba 15 a kan lofen da ke ɗauke da lambar rajistar ƙirƙira tana nufin 1935, ita kuma lambar 15 ɗin a kan wanda ba shi da lambar rajista tana nufin 1975, saboda kamfanin ya daina buga lambar rajistar a tsakiyar shekarun 1950. Tazarar shekara 40 ke nan tsakanin lofe biyu masu lamba iri ɗaya, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

A wajen Peterson, sunan ƙasa da aka buga yana nuna zamani. Rubutun Irish Free State yana nuni da lokacin da ƙasar ke amsa wannan suna, tsakanin 1922 da 1937, yayin da Republic of Ireland ke nuna cewa an yi shi bayan ƙasar ta zama jamhuriya a 1949. Idan lofen yana da zoben azurfa, lamarin ya ƙara sauƙi, domin ofisoshin tantance azurfa na Birtaniya da Ayalan suna buga alamar gari da harafin shekara: kan damisa na Landan, ƙugiyar jirgin ruwa ta Birmingham, garaya mai kambi ta Dublin. Sai dai zoben shekarar kansa yake faɗa. Idan wani mai gyara ne ya sanya shi daga baya don ɗaure wuyan da ya tsage, ba shi da abin cewa game da shekarun itacen.

Waɗanne hotuna ya kamata a gani kafin a yi tayi?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci a duk shafin. Hoto na farko da za a nema shi ne na cikin tukunyar, an ɗauke shi daga sama da haske mai kyau. Lofen da aka daɗe ana sha yana tara ƙanzon taba a bangonsa, kuma ƙanzo mai kauri yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa, ko tsaga ce ko ƙuna. Idan an kankare shi, a duba ko ramin yana nan a zagaye sosai kuma kaurin bangon daidai yake ta kowane gefe, domin mai kankara da wuƙa ba tare da ƙwarewa ba yakan ci itacen ta gefe guda. A duba jikin tukunyar ta waje kuma: baƙin tabo guda a gefe ko a ƙasa, wanda bai yi kama da launin sauran jikin ba, yawanci alama ce ta wutar da ta ci itacen daga ciki har ta kusa ɓullowa waje. Irin wannan lofe ya gama aiki, komai sunan da ke jikinsa.

Na biyu shi ne bakin tukunyar. Baƙin datti a kansa ba matsala ba ne, yana fita. Ƙuna da lotsewar da ke faruwa idan mai shi ya riƙa buga lofen a kan abu mai tauri don zubar da toka su ne matsala. Wasu masu gyara sukan goge bakin da takardar yashi har ya koma sumul, wanda ke rage tsayin tukunyar ya ɓata fasalinta na asali. Ana gane haka idan launin bakin ya fi na sauran jikin haske, ko kuma tukunyar ta yi gajarta fiye da yadda aka san wannan samfurin.

Na uku, hoton lofen a rabe, an cire bututun baki daga wuya, don a ga ɗan hancin da ke shiga ramin wuyan, a kuma ga ƙarshen wuyan da kansa. Tsaga siririya kamar silin gashi takan ɓoye a nan. Na huɗu, hoton kowane hatimi daga kusa. Hatimin da ya dushe yana nuna cewa an goge lofen da inji fiye da kima, kuma ga mai ajiya wannan asara ce ta gaske, tun da hatimin ne shaidar asalin kayan. Daga ƙarshe a nemi hoton ƙarshen bututun ta sama da ta ƙasa, inda haƙora ke barin rami.

Akwai kuma ciko, wato wurin da masana'anta ta toshe wani rami na halitta a jikin itacen da wani abu mai kama da ƙullu. Da tsufa yakan fito fili a matsayin ɗigo mai launin ja-ja wanda jijiyoyin itacen ba su ratsa shi ba. Ba ya hana shan taba, amma yana nuna cewa lofen ba ya cikin sahun farko. Mai sayarwar da ya sanya hotuna biyu masu duhu, ya kuma ƙi ƙarawa bayan an roƙe shi, ya riga ya ba da amsa.

Me ya sa ake damuwa da ko bututun baki na asali ne?

Domin rabin lofen ne. A wasu manyan kamfanoni da wajen gwanayen sassaƙa, da hannu ake yanka kowane bututu don ya dace da tukunyarsa, kuma a kansa ake sanya tambarin kamfani: farin ɗigo na Dunhill, shuɗayen ɗigo na Sasieni, harafin C na Comoy's, harafin P na Peterson. Lofen da aka sauya wa bututu yana iya yin daɗin sha, amma farashinsa a wajen masu ajiya yana faɗuwa ƙwarai. Alamomin sauyi sun haɗa da rashin tambari, rata ko tudu a mahaɗar bututu da wuya, da kuma kaurin da bai bi layin wuyan ba.

Bututun da ya koma kore ko ruwan ƙasa ba abin tsoro ba ne. Tsofaffin bututu da yawa an yi su ne da taurarriyar baƙar roba mai ɗauke da farar wuta, wadda ke sauya launi idan ta sha hasken rana da danshi, kuma ana iya goge ta ta dawo baƙa wuluk. Hasali ma wannan launin yakan zama shaida cewa babu wanda ya taɓa lofen da sunan gyara.

Akwai jabu a wannan kasuwa?

Akwai, kuma sun fi yawa a inda kuɗi ya fi yawa, wato Dunhill da aikin manyan masassaƙan Denmak. Farin ɗigo ba shi da wuyar sanyawa a kan kowane bututu. Abin da ya fi wuya a kwaikwaya shi ne tsarin haruffan hatimi, da dacewar hatiman da juna ta fuskar zamani, da kuma ingancin aikin kansa. Hanya mafi kyau ita ce a kwatanta hoton hatimin da na wani lofe na wannan zamani wanda aka tabbatar da shi. Labarin cewa wani shahararren mutum ne ya mallaki lofen ba a biyan kuɗi a kansa sai da takardar shaida.

Yaya tayi ke aiki, kuma yaushe ya kamata a yi shi?

A eBay, wani babban dandamalin gwanjo na intanet, mai saye yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, sai na'ura ta riƙa tayawa a madadinsa kaɗan-kaɗan. Misali, idan ya sanya dala 120, wanda ke biye da shi kuma ya tsaya a dala 80, zai biya abin da ya ɗara 80 kaɗan ne, ba 120 ba. Da yake gwanjon yana rufewa ne a ƙayyadajjen lokaci, ƙwararru da yawa ba sa yin tayi sai a daƙiƙun ƙarshe, don kada abokin hamayya ya samu damar ƙarawa. Wannan ba saɓa doka ba ne. A wasu dandamali, kamar Catawiki, tayin da ya shigo a minti na ƙarshe yana ƙara wa gwanjon lokaci, saboda haka dabarar ba ta aiki a can.

Wasu masu sayarwa suna sanya ɓoyayyen farashi wanda ba za a sallama kayan ƙasa da shi ba, ta yadda mutum zai iya zama mai tayi mafi girma amma ya tashi hannu rabbana. Ko wane tsari ne, shawara ɗaya ce: a yanke iyaka tun da sauran kwanaki, lokacin da hankali ke kwance, a rubuta ta, kada a ƙetare ta. Mafi yawan tsadar da ake gani a gwanjo tana fitowa ne daga mutum biyu da kowannensu ya ƙi yarda a kayar da shi a minti biyar na ƙarshe.

Ta yaya za a san farashin da ya dace?

A duba abin da aka sayar, ba abin da ake nema ba. Farashin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai. Wanda aka biya shi ne kasuwa. eBay yana ba da damar ganin kayan da aka riga aka sayar, gidajen gwanjo da dama kuma suna ajiye sakamakon cinikinsu na baya. A kwatanta da lofe mai zamani ɗaya, girma ɗaya da hali ɗaya. Yana da amfani kuma a leƙa shagunan da suka ƙware wajen gyarawa da sayar da lofen da aka riga aka yi amfani da shi, domin idan tayi a gwanjo ya kai farashinsu, gara a saya a wajensu, inda an riga an tsaftace kayan an kuma bayyana aibinsa.

Waɗanne kuɗaɗe ne ke biyo bayan cin gwanjo?

Gidajen gwanjo na gargajiya da ke sayarwa ta dandamali irin su LiveAuctioneers da Invaluable suna ɗora wa mai saye la'ada a kan farashin da aka sallama, sau da yawa tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Idan la'adar kashi 25 ce, lofen da aka sallama a 200 ya zama 250 ke nan tun kafin a zo kan kuɗin aikawa, inshora, harajin saye, kuɗin fito idan zai tsallaka iyaka, da abin da banki ke cira wajen canjin kuɗi. Duk waɗannan ana lissafa su ne kafin a yanke iyakar tayi.

Ta yaya ake auna amanar mai sayarwa?

A karanta abin da masu saye na baya suka rubuta game da shi, musamman ƙorafe-ƙorafen, a ga kuma ko ya saba sayar da lofe. Wanda ya ƙware yakan faɗi tsayi, nauyi, faɗi da zurfin tukunya, ya kuma ambaci aibi da bakinsa. Wanda ya tsinci lofen cikin kayan gado bai san abin da zai duba ba, don haka a wajensa ake samun garaɓasa, a wajensa kuma ake kwasar asara. Sai an yi masa tambayoyi ƙarara, kamar ko tsinken goge hanyar hayaƙi yana wucewa daga baki har cikin tukunya, da ko bututun yana fita ba tare da an tilasta shi ba. A yi hattara da gwanjon da wani sabon asusu ke ta tura farashi sama kaɗan-kaɗan sannan ya janye, domin wani lokaci mai kayan ne ko abokinsa. Duk wanda ya ce a kammala ciniki a wajen dandamalin, yana so ne ya raba mai saye da kariyar da yake da ita.

Akwai abin da doka ta hana?

Lofen kansa ba kasafai ake hana cinikinsa ba, amma taba tana da dokokinta masu tsauri, kuma eBay bai yarda a sayar da ita ba. Babbar matsalar tana ga tsofaffin lofe masu ado da hauren giwa ko ƙoƙon bayan kunkurun teku, waɗanda CITES, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta taƙaita tsallaka iyaka da su. eBay ya haramta cinikin hauren giwa tun 2009, Birtaniya kuma ta yi dokarta mai tsanani a 2018. Jami'an kwastam suna da ikon ƙwace irin wannan kaya.

Me za a yi idan lofen ya iso ba kamar yadda aka bayyana shi ba?

A ɗauki hoton kunshin kafin a buɗe da kuma bayan an buɗe, kada a goge lofen, kada a kankare shi, kada a kunna masa wuta, domin da zarar an taɓa shi hujja ta raunana. A rubuta wa mai sayarwa ta cikin dandamalin. Idan bai saurara ba, a shigar da ƙorafi cikin wa'adi. A eBay kwana 30 ne daga isowar kaya. Gidajen gwanjo na gargajiya kuwa galibi suna sayarwa ne a kan sharaɗin yadda aka gani haka aka saya, shi ya sa ake neman rubutaccen rahoton halin kayan daga wajensu tun kafin ranar gwanjo.

Tsaftacewa da gyara suna rage darajar lofe?

Tsafta mai sauƙi ba ta ragewa: rage ƙanzo a hankali, goge hanyar hayaƙi da tsinke mai auduga da aka tsoma a alkohol, da shafa ɗan kaki a jikin itacen. Idan ƙamshin tabar mai shi na farko ya kama tukunyar briya, akan cika ta da gishiri a ɗiga alkohol a bar shi ya kwana. Ba a yi wa mirsham haka, domin yana iya lalata shi. Abin da ke rage daraja shi ne sauya launi, goge hatimi, rage tsayin baki da sauya bututu. Lofe mai tsada ko wanda ba a cika samun irinsa ba, gara a miƙa shi ga ƙwararren mai gyara, a kuma gaya masa iyakar abin da aka yarda ya taɓa.

Dole ne mai ajiya ya zama mai shan taba?

A'a. Mutane da yawa suna tara lofe ne don sassaƙarsa da tarihinsa, kuma shan taba ta lofe yana da illa ga lafiya kamar sauran hanyoyin shanta, ciki har da haɗarin sankarar baki da maƙogwaro da huhu. Ta fuskar kasuwa ma, tsohon lofen da ba a taɓa kunna masa wuta ba, musamman idan yana tare da akwatinsa da jakarsa da takardunsa na asali, ya fi wanda aka sha tsada sosai, kuma sha ɗaya ya isa ya fitar da shi daga wannan sahu. Irin wannan ana ajiye shi ne nesa da hasken rana da danshi, a riƙa cire bututun a hankali ta hanyar murɗawa, ba fizga ba, idan ana son duba cikinsa.